Kwana Uku a Landan da Iyayenmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan lafiya, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan taɓo. Na zaɓi wani abu da ke maimaita kansa kowace shekara, musamman a watan Yuli da jami'o'i ke bikin yaye ɗalibai. Baba da Hajiya sun zo biki, ko Inna ta zo wankan jego, kafin su koma sai a ce lalle a kai su Landan kwana biyu ko uku su ba ido haƙƙinsa. Abu ne mai kyau, gani ya kori ji. Amma ni da abokan aikina muna ganin yadda irin wannan yawo ke ƙarewa idan ba a tsara shi ba: ƙafa ta kumbura, suga ya faɗi a tsakiyar titi, tsoho ya zame a matakalar tasha. Shawarata ita ce, kafin ka buɗe taswira ka jera wuraren da za a gani, ka fara duban wanda ya fi kowa rauni a cikin tawagar. Ƙafarsa ce za ta yanke yawan wuraren da za ku je da irin abin hawan da za ku shiga.

Dalili kuwa a fili yake. Dattijon da ke da mota a gida, tafiyarsa ta ƙasa ba ta wuce daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa masallaci ko ofis. Mu da muka daɗe a nan mun saba da sauri har ba ma lura. A tashoshi irin su Bank da King's Cross da Green Park, sauya jirgi kaɗai tafiya ce mai tsawo a cikin rami. Ga kuma halinmu na kara da kawaici. Baba ba zai taɓa ce wa ɗansa ya gaji ba, balle a gaban suruka da jikoki. Idan ka tambaye shi zai ce, “Babu komai, mu je.” Saboda haka kada ka jira ya faɗa. Ka lura da lokacin da ya yi shiru, ko ya fara zama a baya, ko ya tsaya yana duban gilashin kantin da babu abin da zai saya a ciki. Idan ka ga haka, kai ne za ka ce ka gaji, kana son shan shayi. Ka rufa masa asiri, shi kuma ya huta.

Shirin yana farawa tun kafin su taso. A tambayi kamfanin jirgi taimakon keken tura marasa ƙarfi aƙalla awa 48 kafin tafiya, domin daga ƙofar jirgi zuwa wurin duba fasfo a Heathrow nisa ne sosai. Magunguna su kasance a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan kowane magani. Wannan takarda ta zama dole idan akwai irin su tramadol ko codeine ko diazepam, domin dokar ƙasar nan tana sa musu ido. Ina roƙon 'yan'uwa na gida, a daina juye ƙwayoyi kala biyar a leda ɗaya. Idan aka kawo mana mara lafiya da irin wannan leda, sai mu ɓata lokaci muna laluben wanne ne na hawan jini, wanne ne na suga.

Sai maganar inshora, wadda yawancinmu muke tsallakewa. Duba mara lafiya a sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, baƙo ko ɗan gari. Amma da zarar an ba baƙo gado an kwantar da shi, lissafi ya fara, kuma a Ingila ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na abin da aikin ke ci. Bashin asibiti da ya kai fam 500 ya wuce wata biyu ba a biya ba, ana iya kai rahotonsa ga hukumar shige da fice, ya zama dalilin hana mutum biza nan gaba. Kuɗin inshorar mako biyu bai kai kuɗin leshi ɗaya da Hajiya za ta saya ba. A saya, kuma a faɗa wa kamfanin gaskiyar ciwon da mutum ke da shi, domin idan aka ɓoye ba za su biya ba.

Ranar da suka sauka kada a lissafa ta cikin ranakun yawo. Daga Abuja zuwa Landan zaman fiye da awa shida ne, kuma duk tafiyar da ta wuce awa huɗu tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Kumburin ƙafa biyu kaɗan bayan doguwar tafiya ba abin tsoro ba ne, yakan sace da kansa. Wanda muke tsoro shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura, ƙwauri yana ciwo yana zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya riƙe. Wannan ba na shafa man zafi ba ne, asibiti za a nufa. Lambar gaggawa 999 ce, lambar neman shawara idan abin bai kai gaggawa ba 111. Haka kuma duk zazzaɓin da ya kama baƙo, abu na farko da za ku faɗa wa likita shi ne daga ina ya zo kuma yaushe. Likitan nan ba kullum yake ganin maleriya ba, idan ba ku ambaci Najeriya ko Nijar ba yana iya ɗauka mura ce. Wani sauƙi da muke da shi shi ne agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin nan da na gida ɗaya ne, a hunturu kuma bambancin awa ɗaya ne kacal, don haka lokutan shan magani ba sa rikicewa.

Yanzu mu zo kan zirga-zirga. Ku ajiye mota a gida. Tsakiyar gari akwai harajin cunkoso, wurin ajiye mota tsada, kuma sau da yawa inda za ka samu ka ajiye ya fi tashar jirgi nisa da inda za ka. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster ko katin banki na taɓawa. Kowane babba da nasa katin, ba a biya wa mutum biyu da kati ɗaya. A bas sau ɗaya ake taɓawa wajen shiga, a jirgi kuwa wajen shiga da wajen fita. Ku riƙe kati guda duk yini, domin akwai iyakar abin da za a cire a rana, idan aka kai ta sauran tafiye-tafiyen kyauta ne. Wanda ya taɓa da kati da safe, ya taɓa da waya da rana, na'ura tana ɗaukarsa mutum biyu. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya idan suna tare da babba. Daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki, kuɗin jirgi ya fi yawa, wurin zama kuma babu. Ku fito bayan tara da rabi.

Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana yaudarar baƙo. An zana ta ne don nuna yadda layuka ke haɗuwa, ba ta nuna nisa. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden tafiyar minti huɗu ko biyar ce a ƙasa, amma za ka ga mutane sun sauka rami sun shiga jirgi saboda ita. A Covent Garden ɗin, wanda ya ƙosa da layin lif ya ce zai hau da ƙafa, matakala 193 ke jiransa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ake iya shiga a fita ba tare da taka matakala ba, kuma an yi musu alamar keken guragu a taswira. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 duk tashoshinsa ana isa bakin jirgi ba hawa, yana da na'urar sanyaya iska, kuma yana zuwa har Heathrow. Idan za ku kama masauki, ku nemi wanda ke kusa da wannan layi ko da ya ɗan fi tsada. Layin Central kuwa a watan Yuli da Agusta tanderu ne. Na san za ku ce wanda ya saba da zafin Afrilu a gida me zai dame shi. Zafin gida akwai inuwar darbejiya da iska, wannan kuwa rami ne cike da mutane, kana tsaye.

Ni dai ga dattawa na fi son bas. Ƙofarta ƙasa-ƙasa take, akwai kujerun da aka keɓe wa tsofaffi kusa da ƙofa, kuma mutum yana zaune yana kallon gari. Idan ka sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cire maka kuɗi. Sai dai kada a hau da tsoho saman bene, direba ba ya jiran ya zauna kafin ya ja. Kuma ku yi yarjejeniya tun a gida: idan ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya nan, kada ya motsa. A sa wa kowane baƙo takarda a aljihu mai adireshin masauki da lambar wayarku. Wajen tsallaka titi kuma a riƙe hannun yara da tsofaffi. Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu tun 1972, ido ya saba duban hagu da farko, alhali a nan motar da za ta fara iso ka daga dama take.

To me za a gani? Unguwa ɗaya a rana, babban wuri ɗaya da safe, ƙarami ɗaya bayan azahar idan akwai sauran ƙarfi. Tashar Westminster tana da lif, kana fitowa ga hasumiyar Big Ben a gabanka, ga majalisar dokoki, ga gada, ga kogin Thames. Hoton da kowa ke so a kai gida an same shi cikin minti goma. Daga nan ku shiga jirgin ruwa zuwa Greenwich. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba, kuna zaune, akwai bayi a ciki, kuma za ku wuce ta ƙarƙashin gadar Tower da aka buɗe a 1894. Kuɗin jirgin ruwa daban yake, ba ya shiga cikin iyakar kuɗin rana da na ambata. Greenwich tana da daɗin gani ga duk wanda ya tashi yana jin ana cewa “agogon GMT” a rediyo, domin harafin G ɗin nan sunan unguwar ne, kuma layin da aka amince a 1884 a riƙa auna duniya daga kansa yana kan tudun da ke can. Tudun yana da tsayi. Mai ciwon gwiwa ko ciwon zuciya a ɗauki tasi a zagaya da shi ta ƙofar Blackheath, ta can hanyar a shimfiɗe take.

Sauyin masu gadi a Fadar Buckingham kuwa, ban cika ba da shawarar a kai tsoho ba. Ba kullum ake yi ba, kuma mai son ya gani da kyau sai ya yi tsayuwar fiye da awa ɗaya cikin turmutsitsi babu wurin zama. Ku je da yamma ku ga fadar a natse, ku zauna a bencin lambun St James's. Kusa da nan gidan Lancaster House yake, inda shugabanninmu suka zauna taron tsarin mulki a 1957 da 1958 kafin samun 'yancin kai. Ba a shiga, amma dattijon da ya san tarihin Sardauna da Tafawa Ɓalewa zai fi jin daɗin a nuna masa wannan gini a kan sojoji masu doguwar hula.

Gidan tarihi na British Museum kyauta ne, sai dai yana da kyau a yanki tikitin lokaci ta intanet don guje wa layi. Girmansa ya wuce a gama a rana ɗaya, kada ma a gwada. Ku zaɓi ɗaki biyu ko uku: na Masar, na duniyar Musulunci, da ɗaki na 25 na Afirka, inda tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 suke. Kowa ya gani ya yanke wa kansa hukunci a kan inda ya kamata su kasance, ni dai nawa ra'ayin ba ɓoyayye ba ne. Suna ba da aron keken turawa kyauta idan an nema tun da wuri. Na san Baba zai ce shi ba gurgu ba ne. Ku ce masa na ɗora jakunkuna ne, bayan rabin awa da kansa zai zauna.

Bas mai lamba 15 daga dandalin Trafalgar tana bi ta Aldwych, inda ginin Bush House yake. Daga nan Sashen Hausa na BBC, wanda aka kafa a 1957, ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye har zuwa 2012 da aka tashi daga ginin. Ta wuce ta majami'ar St Paul's da Hasumiyar Landan, ta kai ku gabashin gari. A can shagunan leshi da atamfa na Petticoat Lane suke, kusa da Liverpool Street, ga Masallacin Gabashin Landan a titin Whitechapel, ga gidajen abinci na halal a jere. Kasuwar ba ta ci ranar Asabar. Ku bar wa tsaraba rabin yini nata na kanta, domin idan aka cusa ta a ƙarshen ranar yawo, Hajiya za ta yi cinikin awa uku a tsaye da ƙafar da ta riga ta gaji. Hanyoyin bas sukan sauya, a duba kafin a fito.

Salla ita ce ta fi dacewa ta raba muku yini. Ku tsara yadda azahar za ta same ku kusa da masallaci, ko na Whitechapel ko babban masallacin Regent's Park da aka kammala a 1977, inda akwai wurin alwala da sashen mata da wurin miƙe ƙafa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, kuma kafin biyar na asuba ta fito. Hasken nan yana ruɗar baƙo ya ga kamar da sauran lokaci, a yi ta yawo, barci ya yi kaɗan. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi na bar wa malamanmu, ga su nan zaune.

Akwai wata magana da ake jin nauyin yi, amma aikina ne in yi ta. Iyayenmu mata da yawa suna ƙin shan ruwa idan za a fita, don kada fitsari ya matsa musu a inda ba su san bayi ba, ko don kada alwala ta karye. Wasu ma sukan ajiye maganin hawan jini mai sa fitsari ba su faɗa wa kowa ba. Sakamakon shi ne jiri da faɗuwa, ko jini ya hau. Maganin abin shi ne ku san inda bayi yake tun kafin a tambaya. Yawancin tashoshin ƙarƙashin ƙasa ba su da shi, amma gidajen tarihi da manyan kantuna suna da shi, haka ma manyan tashoshin jirgin ƙasa irin su Paddington da Waterloo da King's Cross, kuma kyauta. A sa ƙaramar gora a jaka a madadin buta. 'Ya mace ko suruka ta riƙa cewa ita za ta shiga, Hajiya ta raka ta.

Masu ciwon suga su ne na fi damuwa da su. Wanda ke allurar insulin ko yake shan irin su glibenclamide da gliclazide, an auna masa maganin ne daidai da zaman da ya saba. Ranar da ya yi tafiyar da ta ninka ta kullum, abincin rana kuma ya makara saboda ana neman na halal, suga zai faɗi. Alamunsa rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, faɗa ba dalili, ko magana ta rikice. A zaunar da shi, a ba shi ƙaramin kofin ruwan lemu na kwali, ko ƙwayoyin gulukos da ake sayarwa a kantin magani, ko cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa. Bayan minti 15 a sake aunawa, idan ya dawo daidai ya ci burodi ko biskit. Kada ku dogara da lemon gwangwani, domin tun harajin sukari na 2018 kamfanoni da yawa sun rage sukarin da ke ciki, wasu ma babu ko kaɗan. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kira 999. Ku kuma lura da lissafin na'ura: galibin waɗanda ake zuwa da su daga gida suna nuna lambobi irin 70 ko 120, na nan kuwa 4 ko 7. Raba lambar gida da 18 zai ba ka ta nan. Ƙasa da 70 a na'urar gida, ko ƙasa da 4 a ta nan, suga ya faɗi.

Takalmi kuma, don Allah kada a saya wa mai suga sabo yau a ce gobe ya yi yawo da shi. Ciwon yana kashe jin ƙafa, takalmi zai ci shi bai sani ba, ƙaramin kumburi ya zama gyambon da za a yi wata ana jinya bayan ya koma gida. Ya sa wanda ƙafarsa ta saba da shi, da safa, kuma kowane dare wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Yaranmu masu sikila su ma a kula: sanyi da ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon, kuma iskar kan kogi tana da sanyi ko a Yuli. A riƙe musu rigar sanyi da gorar ruwa, da maganin da likitansu ya rubuta.

Na ga shugaba yana duban agogo. Wanda yake da baƙi masu zuwa a bana, ya same ni bayan an ci abinci da sunayen magungunan da suke sha, mu duba tare. Allah ya kawo su lafiya, ya mayar da su lafiya.